Kwabon Sarkin da Bai Shekara Ba: Kuskuren Bugu ne ko Tarkon 'Yan Damfara?

Kamar kullum, ga rubutun shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma 'yan uwana na nan Illela da sabis ɗin Nijar ke shigo wa waya ba sallama.

Makonni biyu da suka wuce ƙanin wani abokina, yaro mai sana'ar cajin waya a bakin kasuwa, ya turo mini hoto da daddare. Ya ce, "Yaya, don Allah duba min wanga abu kafin in tura kuɗi." Hoton wani tsohon kwabo ne mai huda a tsakiya. Fuska ɗaya tauraro mai tsini shida da shekarar 1936, ɗaya fuskar kuma kambin sarauta da sunan Edward na Takwas. Mai tallar a intanet ya rubuta cewa wai kuskure aka yi wurin bugawa, domin wannan sarkin ba a taɓa naɗa shi ba, wai Turawa sun janye kuɗin sun narke, guda kaɗan suka tsira, kuma a Landan miliyoyi ake saye. Shi dai matsuwa ce ta sa zai sallama a naira dubu 120. Kusan duk jarin yaron kenan.

Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna. Amsar tambayarsa tana cikin tarihin kuɗin da suka ratsa ta wannan yankin namu, don haka bari mu ɗan koma baya.

Kafin Turawa, wuri ne kuɗinmu na yau da kullum, amma manyan fatake suna riƙe da azurfa, musamman liyari, wato dalar sarauniyar Ostiriya Maria Theresa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, dala guda tana kan wuri 2,500. Har yau idan ka buɗe adudun wata tsohuwa a Sakkwato ko Ƙwanni kana iya cin karo da ita, wani lokacin an lanƙaya mata ƙawanya an mai da ita abin wuya. Ku duba shekarar da ke jiki: 1780. Ku nemo wata, 1780. Ku tara ɗari, duka 1780.

Dalili shi ne a shekarar ce sarauniyar ta rasu, amma 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da nan ƙasar Hausa da Barno sun riga sun amince da wannan dalar, ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama. Sai aka ci gaba da buga ta da tsohuwar shekarar. An buga a Biyana, an buga a Rum, an buga a Landan daga 1936, an buga a Faris da Brasels, har Bombay ta Indiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗaruruwan miliyoyi aka buga, kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina ba har gobe. Saboda haka in ka ga an sa ta a intanet ana cewa "ta shekara sama da 240", ko ana nuna maka wani ɗan gicciye mai kama da X a gaban shekarar ana cewa kuskure ne, ka yi dariya ka wuce. Kowacce tana da shi. Darajar yawancinsu ita ce azurfar da ke jiki: nauyinta giram 28, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce. Kakanninmu sun fi mu wayo a nan. Ba shekara suke dubawa ba. Suna auna nauyi, su jefa ta a dutse su ji amonta, su shafa rubutun da ke zagaye da gefenta.

Abin da nake so ku riƙe daga labarin liyari shi ne, abin da aka rubuta a jikin kuɗi ba shaida ba ne shi kaɗai. Sai ka san wa ya buga, yaushe, kuma guda nawa.

Sai Turawa suka zo. Sakkwato ta faɗa hannun Ingila a Maris 1903, aka yi ta ja-in-ja da Faransa kan inda iyaka za ta bi, har yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka bar Ƙwanni a hannun Faransa, mu kuma a wannan ɓangaren. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, aljihu biyu. Turawan Ingila suka hana shigo da wuri da liyari, suka nace a biya haraji da kuɗinsu. A 1907 suka fito da kwabo da anini masu huda, ga tauraro, ga rubutun Larabci a jiki don mutanenmu su iya karanta darajarsa. Aninin farko na alminiyom ne, yana cikin kuɗaɗen alminiyom na farko da aka kashe a duniya, amma ƙarfen bai jure ba, a 1908 aka canza. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta riƙa buga kuɗi ɗaya wa Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Daga nan muka gaji anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fataka. Aninin nan ne ma ya ba tauraron kafaɗar hafsan soja sunansa.

Yanzu mu zo kan sarkin yaron nan. A shekarar 1936 sarakuna uku suka zauna kan gadon Ingila. George na Biyar ya mutu ran 20 ga Janairu, ɗansa Edward na Takwas ya gaje shi. Ran 11 ga Disamba ya sauka, saboda ya nace sai ya auri wata Ba'amurkiya, Wallis Simpson, wadda ta yi aure har sau biyu, gwamnati da coci kuma suka ƙi. Ƙaninsa George na Shida ya hau. Gaskiya ne ba a yi bikin naɗa Edward ba, kuma gaskiya ne a cikin Ingila kanta ba a saki kuɗi mai hotonsa ga jama'a ba, shi ya sa 'yan samfurin da aka gwada bugawa suke da tsadar gaske. Mai damfara bai yi ƙarya a nan ba, kuma da wannan guntun gaskiyar yake ɗana tarkonsa.

Abin da bai faɗa ba shi ne, kwabonmu mai huda ba ya buƙatar hoton sarki. Huda ta cinye wurin fuska, suna kawai ake rubutawa a zagaye. Don haka ba sai an jira mai zane ba, aka canza suna aka ci gaba da bugu. Afirka ta Yamma, Afirka ta Gabas, Fiji da New Guinea duk sun samu kuɗi masu huda da sunan Edward a 1936. Namu miliyoyi aka buga, aka loda a jirgi, aka kashe su a kasuwannin gyaɗa da auduga har suka siɗe. Ba wanda ya janye su. Kwabon da aka tura wa yaron nan mai yiwuwa na gaske ne, amma ba kuskure ba ne, kuma a kasuwar masu tara tsoffin kuɗi daloli kaɗan ake sayar da irinsa, in ma yana da kyau.

To akwai kuskure na gaskiya a wannan kwabon? Akwai, kuma nan ne labarin ya yi daɗi.

Kuɗin ƙarfe ba zubi ake yi ba, bugu ne. Ana yanko ɗan faifan ƙarfe, a sa shi tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya sama ɗaya ƙasa, inji ya danna da ƙarfi, zanen fuska biyu ya fito lokaci guda. A kwabonmu, sunan sarki yana hatimi ɗaya, shekara tana ɗayan. Idan ma'aikaci ya shiga sito ya ɗauko hatimin da ba shi ba, sai a haifi kuɗin da uwa daban uba daban. Masu wannan harka suna kiransa alfadari, kuma sunan ya dace, ɗan jaki da goɗiya.

Kundin kuɗaɗen duniya ya san alfadarai a kwabon Afirka ta Yamma. Akwai na 1936 da aka haɗa fuskarmu mai tauraro da fuskar kuɗin Afirka ta Gabas, domin kamfani ɗaya ne a Birmingham ke buga wa yankunan biyu. Akwai na 1945 mai ɗauke da sunan Edward, shekara tara bayan mutumin ya bar sarauta. Akwai kuma na 1956 mai sunan George na Shida, alhali ya mutu tun Fabrairu 1952, 'yarsa Elizabeth ke kan gado. Waɗannan su ne kurakurai na gaskiya, su ne masu tara kuɗi ke nema. Kun ga bambancin? Edward da 1936 daidai ne. Edward da 1945 shi ne abin mamaki. Wanda bai san tarihin sarautar ba, duka biyun ɗaya ne a idonsa.

Kuma ku lura da wani abu, don shi ne zuciyar maganata yau. Hatimi ba ya buga guda ɗaya ya tsaya. Kafin a farga an yi kuskure ya buga da yawa. Saboda haka kuskuren da ya fito daga hatimi yana da 'yan uwa, an gan su, an ɗauki hotonsu, an ba su lamba a kundi. Wani Bature, David Vice, ya rubuta littafi sukutum kan kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila a 1983, kuma a yau kana iya buɗe shafin Numista kyauta ka ga kowane kwabo da nauyinsa da faɗinsa da shekarun da aka buga shi. Haka abin yake a ko'ina. A 2008 Ingila ta canza zanen kuɗinta, aka haɗa sabon hatimi da tsoho a kuɗin fensa 20, ya fito ba shekara ko a fuska ɗaya, gidan buga kuɗin da kansa ya amsa cewa ya yi kuskure. A Amurka a 1955 an buga sentin da rubutunsa ya fito biyu-biyu, dubbai suka shiga gari. Duk wanda ya ce maka nasa "shi kaɗai ne a duniya", kuma babu shi a kowane kundi, to wallahi ya rage maka aiki.

Akwai wani nau'in kuskuren da ba shi da 'yan uwa sak, wanda ke faruwa lokacin bugu: faifan ya zame zane ya fito a karkace, ko an yanko faifan da gutsure, ko hudar ta kauce daga tsakiya, ko ma babu ita. Waɗannan ana samunsu na gaskiya, amma su ne suka fi sauƙin ƙirƙira. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, inji zai iya yin wannan, ko kuwa guduma da magagari? Idan gutsure na gida ne, bakin yankan zai yi kaifi da sheƙi, sabon ciwo a tsohon jiki. Na gaske kuwa bakinsa a lafe yake, kuma sau da yawa gefen da ke daura da shi ma ba ya fitowa sosai. Idan an ɗora kwabo kan kwabo an maka guduma, za ka ga rubutu ya nutse a juye kamar a madubi, ɗaya fuskar kuma ta baje. Idan an toshe huda da dalma, launin tsakiyar zai bambanta. Wanda aka jiƙa a ruwan batir yakan yi siriri, jikinsa ya yi ƙuraje, nauyi ya ragu. Alfadarin ƙarya kuma ana yinsa ta hanya biyu: a goge lambar shekara a sassaƙa wata, ko a yanka kwabo biyu a manne rabi da rabi. Na farkon gilashin ƙara girma zai tona shi, don wajen lambar zai yi kwari. Na biyun ka dubi gefensa da cikin hudar, za ka ga layin haɗi, in ka jefa shi a siminti kuma amonsa a dushe yake.

Wannan ba sabon yaƙi ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, a 1920 Turawa suka cire ta daga sule da fataka suka koma wani gauraye mai kama da tagulla. Maƙera suka ga ai wannan mu ma za mu iya, sai zubin sulalla na ɓoye ya yawaita, musamman a kudu maso yamma. Masana harshe na danganta kalmarmu ta "jabu" da sunan ƙasar Ijebu, inda harkar ta yi suna a lokacin. Ban faɗi wannan don zagin kowa ba, mai damfarar yau ba shi da ƙabila, wanda ya so cinye jarin yaron nan da Hausa tsantsa yake rubutu. Abin ya ishi hukuma har a 1938 ta sake sulallan, ta yi musu wani kwari na musamman a gefe wanda zubi ba ya iya kwaikwaya da kyau. Tun lokacin gefen kuɗi ne ke tona asiri, kuma har yau shi ne wurin da mai talla a intanet ba ya son ɗauka a hoto.

Mu da ke bakin iyaka muna da wani ƙarin tarko, wato sefa. A Illela yaro ƙarami ya san dala biyar-biyar ce, dala ashirin ita ce sefa ɗari, jika kuma dubu. Sunan dalar nan ma gadon waccan dalar azurfa ce. Farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa naira ta ɓace, sefar ce ta rufa wa mutane da yawa asiri a garuruwan iyaka. To na ga ana tallar sefa ɗari a intanet wai "an buga ta a kife". Ku gwada da kanku yanzu. Ku riƙe ta a tsaye, ku juya ta gefe kamar yadda ake buɗe ƙofa, za ku ga bayanta ƙafa sama kai ƙasa. Ku ɗauko wata, haka. Gidan buga kuɗi na Faris ne ke buga silallan sefa, kuma tsohuwar al'adar Faransa kenan ta jera hatimi, haka ma Amurka take yi. Kwabon Ingila kuwa in ka juya shi haka a miƙe yake fitowa. Wanda ya saba da ɗaya, ɗayan sai ya zame masa abin al'ajabi. Da a ce ka samu sefar da ta fito a miƙe ko a kishingiɗe, a nan ne za a fara magana.

Haka nan 'yan ƙananan alamomin da ake zagaye wa da jan layi a hoto ana cewa "ga kuskuren nan". A sefa za ku ga wani ɗan ƙaho, tambarin gidan bugun ne, da wata alama ta babban mai zanen lokacin, wani kifi ya zaɓa, wani ƙudan zuma, wani takalmin doki. A kwabonmu na da za ku ga H ko KN. H na nufin kamfanin Heaton, KN kuma King's Norton, duka a Birmingham. Sa hannun masana'anta ne kawai. Kada ku ɗauka mu kaɗai ake yi wa wannan. A Turai an daɗe ana tallar yuro 2 na ƙasar Girka na 2002 mai harafin S a cikin tauraro, ana neman dubban yuro wai kuskure ne. S ɗin Suomi ne, sunan Finland a harshensu, don can aka buga wa Girka miliyoyinsu lokacin da nata gidan bugun bai iya cika adadin ba.

Ga kuma inda yawancinmu ke faɗawa. Mai talla zai turo maka hoton wani shafi da aka sa irin kwabonka a kan dala dubu goma. Kowa na iya sa kowane farashi, ni ma yanzu zan iya sa silifas ɗina miliyan biyar. A kasuwar shanun Illela ran Lahadi ba kuɗin da mai sa ya yanka ake tambaya ba, nawa aka sallama ake tambaya. A eBay akwai wurin da ake tace abin da aka riga aka sayar, ka duba can. Manyan gidajen gwanjo ma suna ajiye sakamakonsu a fili. Kuɗi mai tsada na gaske kuma yawanci sai ya bi ta hannun kamfanonin tantancewa irin su NGC ko PCGS, su rufe shi a leda mai tauri da lambar da kowa zai iya bincikawa a shafinsu, ko da yake ledar ma ana yin jabunta, don haka lambar za ka bi, ka gwada hoton da ke can da abin da ke hannunka. Sannan ka yi wa kanka tambayar da ba ta buƙatar digiri: mutumin da ya san ana sayen abu miliyoyi a Landan, me ya sa yake roƙon mai cajin waya a Illela ya saya dubu 120?

Akwai juyin wannan damfarar da ya kamata ku sani. Wani zai ce shi mai saye ne, ya ga kwabonka, zai ba ka miliyan goma, amma ka fara turo kuɗin rajista ko na tantancewa ko na aike. Daga ka tura, shi kenan. Masu tunanin su ɗauko kwandalar naira 1 ko naira 2 ta 2007 su bubbuga su ce kuskure ne kuma, su sani dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta lalata naira, takarda ko ƙarfe, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira dubu 50 ko duka biyun.

Ni abin da ya fi damuna ma ba masu saye ba ne. Tun da wannan jita-jitar ta bazu, samari ke kwashe kayan kakanninsu suna kai wa dillalai, liyari da mundaye da tsoffin sulalla, wasu a narke su a ƙera zobe. Muna da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, amma mu nawa ne muka taɓa shiga? Kwabon da aka biya harajin kakanka da shi, wanda ke ɗauke da rubutun Larabci saboda Turawa sun san abin da mutanenmu ke iya karantawa kenan, wannan takardar shaida ce, ko da kuwa a kasuwa bai kai kuɗin katin waya ba.

Yaron nan dai na ce ya nemi abu uku wurin mai tallar: hoton gefen kwabon, hotonsa a kan sikelin masu sayar da gwal, domin kwabon wancan lokacin giram tara ne da ɗoriya, da kuma shaidar guda ɗaya da aka taɓa sayarwa a farashin da yake faɗa. Amsar da ya samu ita ce wai akwai wani Alhaji daga Kano da ke jira, in bai tura kafin la'asar ba ya yi asara. Da ya sake tambaya, sai aka toshe lambarsa.

Washegari ya je gidan kakarsa ya roƙe ta ta buɗe masa wata tsohuwar kwalla. Kwabbai goma sha ɗaya masu huda ya samu a ƙulle cikin tsumma, biyu daga ciki na Edward ne, 1936. Ya jujjuya sauran ɗaya bayan ɗaya yana neman 1945 mai sunan Edward, babu. Ya ce mata, "Inna, ki ba ni guda in aje." Ta ce, "Aje min abuna, ja'iri. Da wanga kuɗi anka yi min awon gara."

Duk mai tsohon kuɗi a gida ya ɗauko hoton fuska biyu da gefe, a hasken rana, ya turo mana mu duba tare a shiri na gaba. Kada ku wanke shi da toka ko lemun tsami, gogewa rage masa daraja take yi. Sai mun haɗu, Allah ya kai mu.